Kama da wane ba ta wane: Musulunci, 'yan Mormon da tambayar ko Allah namiji ne

Tun Joseph Smith, wanda ya kafa cocin 'yan Mormon, yana raye maƙiyansa suka laƙaba masa suna "Muhammadun Amurka", kuma ba yabo suke nufi ba. A wurin Kiristan Amurka na shekarun 1830, babu abin kunyar da ya kai a ce mutum ya zo da sabon littafi, ya ce mala'ika ne ya nuna masa shi, ya tara jama'a suna kiransa annabi. Smith kuwa duk ya yi. Ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya kai shi wurin wasu alluna na zinariya da ke binne a wani tudu a jihar New York, ya fassara su, aka buga Littafin Mormon a 1830, a shekarar kuma ya kafa cocinsa. Aka yi ta fatattakar shi da mabiyansa daga gari zuwa gari, har aka kashe shi a kurkukun Carthage a 1844. Magajinsa Brigham Young ya ja jama'a suka keta daji da duwatsu zuwa kwarin Salt Lake a 1847. Ga annabi, ga littafi, ga hijira. Ga auren mace fiye da ɗaya, wanda ba su janye shi a hukumance ba sai a 1890. Ga haramcin giya da taba, ga azumi, ga fitar da ɗaya cikin goma na dukiya. Har rigimar gado sai da suka yi: wasu suka bi zaɓin manyan coci, wasu suka ce shugabanci na ɗan annabi ne. Richard Burton, Baturen Ingilan nan da ya yi shigar burtu ya shiga Makka a 1853, sai da ya niƙi gari ya je Salt Lake a 1860 don ya gane wa idonsa. A 1912 wani masanin tarihi Bajamushe, Eduard Meyer, ya rubuta littafi yana jera addinan biyu kafaɗa da kafaɗa.

Maganar ta daɗe da isowa gare mu. A watan Yunin 1978 cocin ya janye dokar da ta hana baƙar fata riƙe muƙamin limanci, kafin shekarar ta ƙare 'yan mishan ɗinsu sun sauka a Najeriya da Ghana. Sun buɗe haikali a Accra a 2004, wani a Aba a 2005. Bahaushen da ke zaune a kudu ya san samarin nan masu fararen riguna da baƙin bajo a ƙirji, kullum bibbiyu. Mutane ne masu ladabi, kuma shugabanninsu sun daɗe suna magana mai daɗi a kan Musulunci. Tun a 1855 wasu manyansu biyu suka hau mumbari suka kāre Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a zamanin da zaginsa ya zama ado a Amurka. A watan Fabrairun 1978 kuma shugabancin cocin ya fitar da sanarwa yana ambatonsa cikin manyan mutanen da suka sami rabo daga hasken Allah. Wannan abin a yaba ne, ban rage musu komai ba. Tun 2018 ma sun roƙi a daina ce musu Mormon, a riƙa kiransu da cikakken suna, Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Sunan da aka fi sani na riƙe a nan don sauƙin karatu.

Amma ladabi daban, aƙida daban. Ra'ayina shi ne, a kan tambayar da ta fi kowace tambaya girma, wato wane ne Allah, babu wata babbar ƙungiya mai jingina kanta ga Almasihu da ta yi hannun riga da Musulunci kamar wannan. Katolika da Angilikan da ECWA, duk da batun uku-cikin-ɗaya da ya raba mu da su, sun yarda cewa Allah Uba ba jiki ba ne, ba Shi da farko, kuma Ya halicci komai daga babu. 'Yan Mormon ko ɗaya cikin ukun nan ba su riƙe shi yadda sauran suka riƙe ba. Shi ya sa a 2001 fadar Paparoma ta yanke cewa baftismarsu ba ta karɓu ba.

Malamai suna cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, don haka bari in faɗi abin da suka ce yadda suka ce shi.

Smith ya ba da labarin cewa a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga wani kurmi kusa da gonarsu yana addu'a, sai ya ga mutum biyu tsaye a sama cikin haske, ɗaya ya nuna ɗaya ya ce wannan ne ƙaunataccen ɗansa. Wato Uba da Ɗa, kowa da siffarsa, kowa a tsaye a wurinsa. A 1843 ya fayyace maganar, kuma tana nan a littafinsu na Koyarwa da Alkawura, sashe na 130: Uba yana da jiki na tsoka da ƙashi, wanda ake iya taɓawa kamar na mutum, haka ma Ɗa, Ruhu Mai Tsarki ne kaɗai ba shi da irin wannan jiki. Ba misali ba ne, ba kuma salon magana ba ne. Haka suke nufi.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Maris na 1844 wani mabiyinsa mai suna King Follett yana aikin rijiya, wani bokiti cike da duwatsu ya faɗo masa, ya zama ajalinsa. Ranar 7 ga Afrilu Smith ya tsaya gaban dubban mutane a garin Nauvoo don ta'aziyya, sai ya buɗe abin da ya daɗe yana ginawa. Ya ce wanda ke kan gadon sarautar sama ya taɓa zama kamar yadda muke yanzu, mutum ne da aka ɗaukaka, ya zauna a wata duniya kamar yadda Yesu ya zauna a wannan. Ya ce su ma masu sauraro dole su koyi yadda za su zama alloli, mataki bayan mataki, kamar yadda allolin da suka gabace su suka yi. Ya ce duniya ba daga babu aka yi ta ba, kayan da ke nan tun azal aka harhaɗa, kuma asalin hankalin ɗan Adam ba halittacce ba ne. Lorenzo Snow, wanda ya zama shugaban cocin a 1898, ya dunƙule maganar a baiti ɗaya da kowane ɗan Mormon ya sani: yadda mutum yake yanzu haka Allah ya taɓa zama, yadda Allah yake yanzu haka mutum zai iya zama.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne ba da wannan aƙidar aka fara ba. A cikin Littafin Mormon kansa akwai wurin da aka tambayi wani mai wa'azi ko akwai Allah fiye da ɗaya, ya ce a'a. Akwai wurin da aka ce Allah ba Ya canzawa tun azal har abada. Labarin kurmin nan ma, rubutun farko da Smith ya yi a 1832 mutum ɗaya ya ambata, na 1835 da na 1838 ne suka zo da biyu. Wasu darussan aƙida da aka buga a 1835 sun ce Uba ruhu ne, sai a 1921 aka cire su daga littafin. Su suna kiran wannan wahayi mai zuwa sannu a hankali. Ni abin da na gani shi ne cikin shekara goma sha huɗu mutumin ya tashi daga kusa da tauhidi ya sauka wani wuri dabam.

Adalci ya sa in ƙara da cewa su ba su yarda a ce musu masu alloli da yawa ba. Suna cewa Uba kaɗai suke roƙo, da sunan Ɗa, kuma ukun nan ɗaya ne a nufi da manufa. Huɗubar King Follett ba ta cikin littattafansu huɗu masu tsarki. Da mujallar Time ta tambayi shugabansu Gordon Hinckley a 1997 ko har yanzu suna koyar da cewa Allah ya taɓa zama mutum, kewaye-kewaye ya yi, ya ce ba abu ne da suke nanatawa ba. Rabin farko na baitin Snow sun rage masa sauti. Rabin na biyu kuwa, cewa mutum zai iya zama kamar Allah, yana nan daram, a 2014 ma cocin ya sake tabbatar da shi a rubuce.

To, daga nan ne batun jinsi ya fito, kuma ba da ka ya fito ba. Idan Uba mutum ne da aka ɗaukaka, mai tsoka da ƙashi, to namiji ne na haƙiƙa. Idan kuma mu 'ya'yansa ne na haƙiƙa, ruhinmu haifaffe ne kafin a haifi jikinmu, to ina uwa? Wadda ta yi wannan tambaya a fili mace ce, Eliza Snow, yayar Lorenzo, ɗaya daga cikin matan Smith. A 1845, shekara guda bayan kashe shi, ta rubuta waƙen da har yau suke rerawa a coci. A ciki ta tambaya ko iyaye a sama gwagware ne, ta amsa wa kanta cewa hankali ba zai ɗauka ba, lallai tana da uwa a can. A 1909 shugabancin cocin ya rubuta cewa maza da mata duka an yi su ne a kamannin Uba da Uwa na kowa da kowa. A 1995 sanarwarsu kan iyali ta ce kowane mutum ɗa ne ko 'ya ta ruhu ga iyayen sama, kuma zama namiji ko mace abu ne da ke tare da mutum tun kafin duniya, a duniya, da bayanta har abada. A tsarinsu namiji ba ya kai ƙololuwar ɗaukaka sai da mace, mace ma sai da namiji, ta hanyar auren da aka ɗaura a haikali. Allantaka kanta, a wurinsu, aure ce.

Ga inda abin ya fi jan hankalina. Hujjar Eliza Snow tana cikin Alƙur'ani. A aya ta 101 ta Suratul An'am Allah Yana cewa Shi ne Mai ƙaga halittar sammai da ƙasa, ta yaya zai zama Yana da ɗa alhali ba Shi da mata, kuma Shi Ya halicci komai? Lissafin ɗaya ne: babu ɗa na haƙiƙa sai da uwa. Ita ta fara daga "mu 'ya'ya ne", ta ƙare a "akwai uwa". Alƙur'ani ya fara daga "babu mata", ya ƙare a "babu ɗa". Shi ya sa ba na ganin matar nan a matsayin wadda ta kasa tunani. Ta bi maganar har inda ta kai, ba ta tsaya a rabin hanya ba. Kuskuren yana ƙofar shiga, wurin da aka ɗauka cewa Allah da mutum iri ɗaya ne, tazarar da ke tsakaninsu ta girma ce da daɗewa kawai. Musulunci ya ce tazarar ba ta mataki ba ce ko kaɗan. Akwai Mahalicci, akwai halitta, babu na uku, kuma ɗaya ba ya rikiɗa ya zama ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a zaure ya ɗauki Risala ya san yadda babin aƙida ya buɗe: Allah abin bauta ne guda, ba Shi da makamanci, ba Shi da tamka, ba Shi da ɗa, ba Shi da mahaifi, ba Shi da mata, ba Shi da abokin tarayya, farkonSa ba shi da mafari, wanzuwarSa ba ta da matuƙa. Mai littafin, Ibn Abi Zaid ɗan Ƙairawan, ya rasu a 996, fiye da shekara 800 kafin a haifi Smith, kuma don a koyar da yara ya rubuta littafin. Amma ka ɗora jimlolin nan a kan huɗubar King Follett, za ka ga kowace ta faɗa a kan gaɓa. Ba abin mamaki ba ne, tushensu ayoyi huɗu ne da kowane yaro ya haddace: Allah ɗaya ne, Shi ake nufi da buƙata, bai haifa ba, ba a haife Shi ba, babu wani tamkarSa.

Jinsi kuwa, a Alƙur'ani, halitta ne. Suratun Najmi ta ce Shi Ya halicci nau'i biyu, namiji da mace. Suratuz Zariyat ta ce daga kowane abu An halicci biyu-biyu. Namiji rabin abu ne mai neman ɗaya rabin, haka mace. Wanda Ya ƙago tsarin ba Ya cikin tsarin. Ɗan Mormon zai ce to me ya sa kuke cewa "Shi", ba ku cewa "Ita"? Tambaya ce mai kyau, amsarta gajera. Larabci da Hausa ba su da gurbi na uku, dole kowane suna ya faɗa ɗayan biyun, shi ya sa rana ta fito, wata ya tsaya, ba wanda ya ce rana mace ce. Bafulatani da Baturke da Bafarishe lamiri ɗaya suke amfani da shi ga namiji da mace, kuma tauhidinsu bai ragu ba. Mun tsaya a kan "Shi" ne domin da shi wahayi ya zo.

Akwai masu cewa ai Alƙur'ani ya nuna ƙyamar mace da ya yi wa mutanen Makka ba'a kan Lata da Uzza da Manata, yana tambayarsu ko su ke da maza Shi kuma mata. Wannan karatun rabi ne. Abin da ayar ta tona shi ne munafuncinsu: mutumin da fuskarsa ke baƙi idan aka yi masa albishir da 'ya mace, kamar yadda Suratun Nahli ta siffanta, har yana tunanin turbuɗe ta a ƙasa, shi ne ya ɗauki abin da ya raina ya ba Allah. Kuma yadda aka kore 'ya'ya mata haka aka kore ɗa namiji, ko Uzairu ne ko Almasihu.

Yanzu ga wurin da bai kamata mu yi saurin wucewa ba, domin duk ɗan Mormon da ya yi karatu nan zai dosa. Zai ce littafinku ya ambaci hannun Allah, ya ambaci fuskarSa, ya ce Ya daidaita a kan Al'arshi. Hadisanku sun ce Yana saukowa a sulusin dare na ƙarshe, sun ce An halicci Adamu a kan surarSa, kun kuma yarda muminai za su gan Shi a Aljanna. Mu mun ɗauki irin waɗannan kalmomi a kan fuskarsu, ku kuka tsorata. Gaskiya ne cewa nassoshin suna nan, kuma gaskiya ne cewa a tarihinmu an sami waɗanda suka zame. An jingina wa Muƙatil ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 767, maganganun kamanta Allah da halitta. Karramiyya a Khurasan sun yi amfani da kalmar jiki. Amma al'umma ba ta bi su ba, sunayensu sai a littattafan raddi. Mu'utazilawa suka yi nisa ta ɗaya ɓangaren har suka kore ganin Allah a lahira. Mafi yawa suka tsaya inda Imamu Malik ya tsaya da aka tambaye shi yaya daidaituwar take: daidaituwa sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kanta bidi'a ce.

Har yau ba a gama wannan muhawara a garuruwanmu ba. Kowa ya san zafin da ake ɗauka tsakanin masu bin tafarkin Ash'ariyya da masu bin na Ibn Taimiyya kan "ina Allah yake", wani lokaci har da kafirta juna a lasifika. To ka tara su a ɗaki ɗaya, ka tambaye su: Allah Yana da tsoka da ƙashi? Ya taɓa zama wani abu kafin Ya zama Allah? Yana da mata? Ba za ka ji murya biyu ba. Dukkansu a ƙarƙashin aya ta 11 ta Suratush Shura suke faɗan, wadda ta ce babu wani abu kamarSa, kuma Shi ne Mai ji, Mai gani. Da za su riƙa tuna girman abin da suka haɗu a kansa, da lasifikan sun huta.

Batun gani ma ka kwatanta. Annabi Musa ya roƙi ya ga Ubangijinsa, aka ce masa ba zai iya ba, ya dubi dutse. Dutsen ya niƙe, Musa ya faɗi sumamme. Nana A'isha ta ce duk wanda ya ce Annabi ya ga Ubangijinsa da ido ya ƙirƙiri babbar ƙarya, ko da yake an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ya gan Shi da zuciya. Wannan a kan mafificin halitta ke nan, a daren Mi'iraji. A ɗaya ɓangaren yaro ne ɗan shekara 14 ya ce ya gani da safe, ya tashi ya koma gida.

Ban ce babu abin da ke jan mutum zuwa aƙidarsu ba. Akwai, kuma mai ƙarfi. A littafinsu da suke jinginawa ga Musa akwai wurin da Anuhu, wanda Turawa ke kira Enoch, ya ga Allah yana kuka saboda muguntar 'ya'yansa, ya yi mamaki ya tambaya yaya mai tsarki na har abada zai yi kuka. An kuma ruwaito cewa wata budurwa, Zina Huntington, da mahaifiyarta ta rasu a 1839, ta tambayi Smith ko za ta sake ganin uwarta, ya ce mata har Uwarta ta sama za ta gani. Marainiya ta ji wannan, ina za ta? Mutum yana son abin bauta mai fuska irin tasa, wanda ya san yunwa da rashi. Sai dai Musulunci bai bar wannan gurbi fayau ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wasu fursunonin yaƙi, cikinsu akwai wata mace tana ta neman ɗanta, da ta sami jariri sai ta rungume shi ta ba shi nono. Annabi ya tambayi sahabbai ko suna ganin wannan za ta jefa ɗanta a wuta. Suka ce a'a, wallahi. Ya ce to Allah Ya fi tausayin bayinSa fiye da yadda wannan take tausayin ɗanta. Da aka so nuna rahamar Allah, uwa mai shayarwa aka nuna, ba uba ba. Amma an ce Ya fi ta, ba a ce Shi ita ne ba, ba a kuma ce akwai wata a gefenSa mai riƙe da wannan aiki ba.

Dalilin da ya sa hankalina ya ƙi aƙidarsu, ko da an ajiye nassi a gefe, tsohon dalili ne da ɗaliban littafin tauhidi na Imamu Sanusi suka sani da sunan tasalsuli, wato jerin da ba shi da farko. Kwana goma sha ɗaya kafin a kashe shi, ranar 16 ga Yunin 1844, Smith ya yi wata huɗuba yana tambayar inda aka taɓa samun ɗa babu uba, ya ce Uban Yesu ma yana da uba. To uban uban fa? Idan jerin ba shi da farko, wa ya ajiye kayan da ake harhaɗa duniyoyi da su, wa ya kafa dokokin da kowane mai hawa yake bi kafin ya ɗaukaka? Littafin Mormon ya ce da a ce adalci zai rushe, da Allah ya daina zama Allah. Ashe akwai abin da ke sama da shi ke nan. Wasu masanansu na yanzu sun ga ramin, suna cewa Uba tun azal shi ne shugaban alloli, bai da wani a kansa. Gyara ne mai kyau, amma ko a haka akwai abubuwan da suke nan tun azal ba shi ya yi su ba. Wanda ya tarar da kaya ya tsara su gwani ne, ba Na Farko ba ne.

Saura tambayar da ta fi shafar mata. Za a zaci addinin da ya ce akwai Uwa a sama zai ɗaga mace sama da kowa. Abin da ke ƙasa ba haka yake ba. Ba a ambaci Uwar nan a littattafansu masu tsarki ba, ba a san sunanta ba, ba a roƙon ta. A 1991 Hinckley ya faɗa wa taron matansu cewa hankali ya yarda akwai ta, amma bai dace kowa ya yi addu'a gare ta ba. An kori Janice Allred daga cocin a 1995 bayan rubuce-rubucenta a kan Uwar, an kori Kate Kelly a 2014 saboda neman a naɗa mata limamai. A 2022 ɗaya daga cikin manzanninsu goma sha biyu, Dale Renlund, ya sake jan kunne kan yawan hasashe game da ita. Yaro ɗan shekara 12 yana samun muƙamin limancin da kakarsa ba za ta taɓa samu ba. Bayanin da ya yaɗu a bakin mabiya, ko da yake ba koyarwar hukuma ba ce, shi ne wai Uba ya ɓoye ta ne don kada a wulaƙanta sunanta. Bahaushe ya ji wannan zai ce ai kulle ne. Kuma matan Mormon da dama sun gane abin da ke ciki: idan jinsi dawwamamme ne, Uwar ce hoton makomarsu, makomar kuwa shiru ce.

A nan nake ganin tauhidi ya fi yi wa mace adalci tun daga tushe. Idan Allah ba namiji ba ne, babu namijin da ya fi mace kama da Shi. Suratu Maryam ta ce babu kowa a sammai da ƙasa face zai zo wa Mai rahama yana bawa, kuma ko Annabi, a daren da aka fi ɗaukaka shi, da sunan bawa aka kira shi a farkon Suratul Isra'i. Khaula 'yar Sa'alaba ta kawo ƙarar mijinta, aka saukar da sura tana farawa da cewa Allah Ya ji maganarta. Ba ta bi ta hannun wata uwar sama ba, ba ta bi ta hannun miji ba.

Sai dai laifi tudu ne. Tushe mai kyau bai hana mu gina karkatacce ba. Malami nawa ne za ka ji yana wa'azin aure kamar miji ne ƙofar da mace za ta bi ta isa ga Ubangijinta, ya karanto mata duk haƙƙin da ke kanta, ya yi tsalle ya tsallake nata? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kuka da irin waɗannan tun fiye da shekara 200 da suka wuce, malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, suna ce musu tsirarsu tana cikin biyayyar miji ba tare da sun koya musu biyayyar Allah ba. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajis, wato mata malamai, ƙauyuka suna karantar da mata. Yau kuma a wasu makarantunmu idan yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, Allah namiji ne?", tsawa take sha, a ce ta yi istigfari. Tambayar ba kafirci ba ce, amsarta kuma ba ta da wuya: a'a, kuma ba mace ba ne, Shi Ya halicci namiji da mace. Yarinyar da aka hana wannan amsa tana 'yar shekara tara, wata rana za ta haɗu da wanda zai ba ta wata amsar cikin fara'a, da hoto mai launi a hannunsa.

Game da su kansu 'yan Mormon, ban ga dalilin gaba ba. Alƙur'ani ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa, sun kuma yi aikin agaji tare da ƙungiyoyin Musulmi irin su Islamic Relief a wuraren da bala'i ya faɗa. A yi maƙwabtaka, a yi kasuwa, a haƙa rijiya tare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zauna a taron fahimtar juna a ce ai duk abu ɗaya muke bauta wa, sunaye ne suka bambanta, a tafa, a sha lemo. Wannan rainin hankali ne gare mu da su baki ɗaya, domin su ma sun san abin da ke sashe na 130 na littafinsu, kuma idan ka tambaye su kai tsaye, mafi yawansu ba za su ɓoye maka ba.